Daren da Aka Shiga Motata

Daren Talata aka shiga motata.
Ba a fasa gilashi ba, ba a taɓa makulli ba.
Dusar ƙanƙarar da ta kwanta a ƙofar gida
babu sawun kowa a kanta
sai na kyanwar maƙwabta.

Uku saura kwata waya ta tashe ni:
matar Eilif Somby na kan gwiwa,
can Masi, kilomita sittin daga Alta.
Shekara huɗu, in haka ta faru,
ina kwance nake danna waya,
kafin in ɗaure takalmi mota ta yi ɗumi,
ƙanƙarar gilashi ta zame da kanta
kamar mai jin kunyata.

Wannan daren na danna. Na sake dannawa.
Sai ga rubutu mai ladabi:
Muna godiya da zumunci.
Wannan hidima ta zo ƙarshe.

Minti goma sha tara ina kankare gilashi
da katin banki, yatsuna sun daina jin maganata.
Da na isa yarinya ta riga ni isowa,
kakarta ce ta yanke cibi.
Lafiya lau, an gode Allah.
Amma ni, Oddny, ungozoma shekara talatin,
ban taɓa zuwa a bayan kukan farko ba.

Lauyan Tromsø yaro ne, na karɓi haihuwar sa'anninsa.
Ya buɗe shafi na arba'in da ɗaya,
ya aza yatsa kan rubutu ƙanana kamar ƙwan kifi.
Ya ce, ƙarfen naki ne, da taya huɗu, da kujeru.
Abin da ke ba su umarni kuwa,
kamfani na cewa aro aka ba ki.
Na ce, aro? Wa ke biyan kuɗin aro lakadan?
Ya ce, akwai dokar mai saye, tana iya tsaya miki.
Akwai kuma sa hannunki, yana iya tsaya musu.
Alƙalai ba su gama daddale zancen ba.

Ubana ya taɓa sayar da kwalekwale
ga wani mutumin Hammerfest.
Kuɗin bai kai ba, ya yi ta mita har bazara,
amma bai bi dare ya zare filafili ba.
Ya ce abin da ya bar hannunka ya bar hannunka.
To su da ba su san hanyar gidana ba,
wa ya ba su hannu mai tsawon haka?
Su sayar mini da akuya, igiya na wuyanta,
bakin igiyar na can wata ƙasa
a ofishin da ba a jin sanyi.

Na shigar da ƙara. An ba ni lamba.
An ce in saurara zuwa watan Mayu,
lokacin da rana ba ta faɗuwa,
ba mai neman ɗumi.

Jiya kakar yarinyar ta aiko mini da fatar barewar ƙanƙara,
ta ce in shimfiɗa a kujera.
Gashinta na bin rigata har asibiti.
Tana wari kaɗan.
Na duba gaba da bayanta,
babu shafi na arba'in da ɗaya.