Madubi Biyu a Gidimuni

Tanimun, ɗan ƙanwata, ya dawo daga arewa
da madubin bindiga biyu a cikin tsohuwar safa.
Ya ce, "Kawu, zaɓi ɗaya.
Na gaji da jin kukan kankanarka a waya."

Na farko gajere ne, bai fi mangwaro nauyi ba.
Da hantsi ya kawo mini dabinon Nomau har gaban hanci,
ƙwara-ƙwara, ja da ɗorawa,
har da zanzaron da ke zagaya nonon.
Amma da duhu ya sauka sai ya yi lalaci,
taku arba'in, ya ce nan ƙarfinsa ya ƙare.

Na biyu dogo, mai tocila a kafaɗa
wadda haskenta ido ba ya gani.
Da rana launinsa kamar zanen da ya sha wanki.
Yana cin batir kamar yadda fara ke cin gero.
Sai dai in dare ya yi, ya kan kai ka bakin tafki
ya ƙirga maka kan rake ɗaya bayan ɗaya.

Tanimun yana ta lissafi:
wannan mita kaza, wancan awa kaza,
wannan jika nawa a Kasuwar Dole in an sayar.
Na ce, ubana da kunne yake awon dare.
In kwaɗi suka yi tsit, ɓarawo ya shigo.
Ya yi dariya. Ya san idona na hagu ya yi yana.

Muka ɗaura dogon. Muka kwanta a kan kunya,
sauro na karɓar zakkarsa a ƙafafunmu.
Can wajen sulusin ƙarshe kwaɗi suka yi tsit.

Shekara goma sha biyu ina harbin motsi,
ina harbin ƙara, ina zagin inuwa.
Ban taɓa ganin fuskar mai cin gumina ba.
Ga ta.
Dila ce, mace, haƙarƙari a waje,
nonuwa sun saki kamar aljihun da aka zazzage.
Biyu na biye da ita, ƙanana, kunnuwa sun fi su girma.
Ta mirgina kankana da hannu,
ɗayan ya hau, ya zame, ya sake hawa.
Ɗan gicciyen madubin yana zaune daidai wuyanta.

Tanimun ya raɗa mini, "Kawu, danna mana."
Yatsana na kan kunama, ya san aikinsa.
Na ce, "Batir ya mutu."

Bai mutu ba.
Na ci gaba da kallo har suka fasa ta,
har ta lashe bakin ƙaramin,
har rake ya haɗiye su.

Da gari ya waye na ƙirga: huɗu sun tafi.
Na kwance dogon na mayar masa cikin safa.
Na ce ya cika nauyi, kafaɗata ta tsufa.
Gajeren na riƙe. Ban ɗaura shi a bindiga ba.
Da shi nake duba ko dabino ya nuna.

Jiya na sayo ƙaya kura biyu don shinge.
Tanimun ya caza batir ɗin, ya tarar da shi cike.
Ya dube ni. Na ce ya miƙo mini gatari.