Sabulu Biyu

Rediyo ta ce mu wanke hannu,
sakan ashirin, a ƙarƙashin ruwa mai gudu.
Na dubi famfonmu na Gyallesu,
wata huɗu ke nan ko tari bai yi ba,
gizo-gizo ya saƙa masa labule a baki.

Jarka naira hamsin ce kafin kulle,
ranar da aka tare hanya a Kwangila ta koma ɗari.
Na zauna ina rabon ruwa kamar gado:
na tuwo, na alwala, na wankan jinjirin Lantana.
Abin da ya kwanta a gindin baho
shi zai wanke kwano, ya kashe ƙurar tsakar gida,
ya je ya gai da barkonona.
Hannu fa? Hannu ya jira.

Ran Talata da asuba sai ga bokiti a bakin lungu,
kan benci mai ƙafa uku da bulo.
An huda masa ciki an ɗaura kan famfo,
ga sabulun salo a murfin gwangwanin madara.
Ba suna, ba takarda, ba hoton kowa.

Muka yi layi, taku biyu tsakani.
Barau mai faci na dariya cikin takunkumi:
"Shekara talatin baƙin mai bai bar farcena ba,
yau annoba ta zo koya mini tsafta."
Musabaha ta mutu a makon nan.
Hannu a ƙirji muke gaisawa,
kai ka ce duk lungun rantsuwa yake yi.

Kwana uku, sabulu ya yi ƙafa.
Aka kawo wani, ya bi ɗan'uwansa.
Aka ɗaure na uku da igiyar rama,
da safe igiyar kaɗai ke lilo.
Lungu ya ɗau zafi.
Wasu suka ce a sa gadi,
wani ya ce mai bokitin zai gaji,
ko alheri ba ya son a raina masa wayo.

Daren Juma'a jinjiri ya hana ni barci.
Ina jijjiga shi na leƙa ta tsagar ƙyaure,
sai ga Dogara mai kura,
wanda na yi wa tas bara kan canjin naira goma,
yana juye jarka biyu a bokitin
a hankali, kada ƙarar ta ta da kowa.
Ya sa hannu aljihu, sabulu.
Ya sake sawa, wani sabulun.
Ɗaya a murfi.
Ɗaya a leda, ƙarƙashin benci,
inda gajeren hannu zai kai.

Da hantsi na tare shi a layin burtsatse.
Ya ce, "Inna, rufa mini asiri.
Yarinya ce, ba ta cika tara ba.
Na bi sawunta har gida.
Uwar na kwance tun kafin azumi,
ita ke wanke mata zannuwa.
Wanda ya ɗauki sabulu ai ba ci zai yi ba."

Na kwance bakin zanena.
Goman bara ce nake nema, ta yi mini nauyi,
ya ja kurarsa ya ce rana na yi.

Daren nan na tsinci ƙyallayen atamfa,
na ɗinka takunkumi ɗan ƙarami, mai furen rawaya,
zaren ma bai dace da launin ba.
Na ƙulla garin omo a takarda,
na tura su cikin ledar Dogara.

Famfonmu har yau bai yi tari ba.
Amma da sassafe na fita zub da toka,
na tarar babu leda.
A lakar gindin benci ga sawu ƙanana,
sun zo, sun tsaya daf da bokiti,
kumfa ba ta gama mutuwa ba a ƙasa.
Sai da ta wanke hannu
kafin ta ɗauka.