Makulli a Wuyan Mai Gurasa

Ni mai gurasa ne a Kutaisi.
Tun ƙarfe huɗun asuba kaina na cikin tanderu,
ina manna ƙullu a bangon yumɓu.
Gashin hannuna ya ƙone tun ina saurayi.
Rabin unguwar nan da gumina take karyawa,
amma 'yata Tekla,
sai na ɗora rabonta a sikeli kafin ta kai baki.

Shekarar da ta cika bakwai ta faɗo daga kan ɓaure.
Ba jini, ba karaya, sai amai da barci.
Kwana goma sha tara a asibitin Tbilisi
sannan ta buɗe ido, ta tambayi kyanwarta.
Muka ce mun haye.
Ashe akwai abin da bai farka tare da ita ba.

Likita Eteri ta zana mana a bayan takardar magani:
can ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai ɗan wuri,
da kaɗan ya fi ƙwayar gyaɗa,
shi ke ce wa ciki, ya isa.
Na Tekla ya yi shiru.
"Ba kwaɗayi ba ne," in ji ta, "kada a yi mata gori.
Jikinta ya ɗauka fari ake yi,
abin da ya samu duk ɓoyewa yake."

Kilo goma sha ɗaya kafin ƙanƙara ta narke.
Rigar makaranta sau uku muna sakewa.
Wani yaro ya kira ta buhun fulawar babanta.
Ba ta gaya mini ba. A bakin ƙanenta na ji.

Yanzu gidanmu agogo ke mulki.
Bakwai, goma, ɗaya, huɗu, bakwai,
an rubuta an manna a ƙofar firji
don ta san abinci na tafe, ba ya saɓa alkawari.
Wake, kabeji, ƙwai, kokwamba da yawa,
ƙaramin faranti mai zanen tsuntsu.
Abin da ta ci, shi muke ci.
Ni da na saba da malmala biyu
na koyi ajiye cokali tare da ita.

Uwata Lamara ta fi kowa shan wuya.
Ba ta iya cewa ina sonki da baki ba,
da gurasar cuku take faɗa, mai zafi, man shanu na nasowa.
Rannan na kama ta da ƙunshi a aljihu.
Muka yi sa-in-sa har maƙwabta suka leƙo.
Ta yi mako ba ta taka gidan ba.
Da ta dawo, zaren ulu ta kawo da allura biyu.
Yanzu safa suke saƙawa, duk ta fi ƙafa girma.

Makullin ɗakin ajiya a wuyana yake kwana.
Wani dare na tashi zan fita aiki,
na same ta zaune a ƙasa, goshi a jikin ƙofar.
Ba ta roƙe ni ba.
Cewa ta yi, "Baba, ƙoshi yaya yake? Na manta."
Na buɗe baki, ban sami komai a ciki ba.
Na zauna kusa da ita a kan siminti mai sanyi.
Ranar unguwa ta karya a makare.

Da yamma mukan bi gaɓar Rioni.
Takan gaji da wuri, mu huta, mu ƙirga agwagi.
Talata da Juma'a ninƙaya,
a ruwa kaɗai na ga ta manta da nauyinta.

Wata huɗu ke nan allurar sikeli ba ta matsa ba.
Ba ta sauka ba kuma.
Likita ta ce wannan ma nasara ce, mu riƙe ta.
Na riƙe.
Ina wanke ƙamshin gurasa daga jikina a shago
kafin in tafi gida in rungume ta.