Kowace Raga da Sunanta

Barira ta zo hutu daga Dutse
da takarda cike da zanen ƙulli da zare.
Ina ɗinkin koma a gindin giginya,
bakin kogi a Guri, ruwa ya fara janyewa.

Ta ce, "Baba, su ma kwamfutoci raga gare su.
Akwai ta ɗaki ɗaya, ba ta tsallake zaure.
Akwai ta makaranta, baƙo sai da mabuɗi.
Ta gari guda, da wadda ta ɗaure Kano da Legas.
Uwarsu duka intanet."

Na ce ai wannan ba baƙon zance ba ne.
Homa ta mutum ɗaya ce, iyakar hannunsa.
Birgi ka wurga, ka jawo abinka.
Taru kuwa sai mutum goma, kowa da igiyarsa,
ɗaya ya saki, karfasa ta tsere wa kowa.

Ta yi dariya, ta hau tudu,
waya a sama, tana farautar sabis.
Ban tanka ba.
Na san irin wannan rana:
raga lafiya lau, ƙulli ba kuskure,
kogi ne kawai bai ga dama ba.