Ƙirgen Gauraki a Hortobágy

Ƙarfe huɗu na iso bakin tafki,
Etelka ta riga ni, ta girke madubinta mai ƙafa uku,
tana hura tafin hannu, hanci ja wur kamar tattasai.
"Dezső, ka yi tumbi," ita ce sallamarta.
Na ce, "Ke ma ban ga kin rame ba."
Shekara sha tara ke nan, haka muke gaisawa.

"Bana sama ta yi rowa," in ji ta,
"tafkin kifi na uku ya dare kamar faso a diddige,
masarar ƙanena ko goyo ba ta yi ba."
Na ce ai jiya an yi yayyafi a Debrecen.
Ta ce, "Wanda bai jiƙa gemun akuya ba?"
Iska ta bi ta cikin kacala tana wucewa.

Sai ga Lőrinc a kan kekensa mai kukan ƙyaure,
da butar shayi a kwando, da burodin matarsa.
Bai ko sauka ba ya fara:
wai ran Talata ya ga karen ruwa a ƙarƙashin gada,
ya rungumi kifi kamar mai goyon ciki.
Muka dubi juna.
Shi ne fa bara ya shafe awa yana kallon farar leda,
har ya rubuta ta a littafi: belbela ɗaya, tana hutawa.

Jikar Etelka ta fid da haƙori biyu,
kowane tsuntsu a wurinta kaza ne, har mikiya.
Lőrinc ya aurar da auta, ɗakinta ya zama na albasa.
Ni kuwa ɗana ya matsa in sayar da gida,
in koma birni kusa da shi, hawa na biyar.
Na ce, me zan gani ta taga? Tantabaru?
Ya ce, "Baba, asibiti za ka gani."
Na rasa abin cewa.

Ƙarshen benci babu kowa.
Wurin Ottó ne, an sa masa ƙarfe a ƙugu,
likita ya ce shi da daji sai bayan hunturu.
Lőrinc ya zuba shayi kofi huɗu,
ya tuna, ya mai da ɗaya cikin buta
ba tare da ya ɗaga kai ya dubi kowa.

Rana ta yi ja a bayan rijiyar makiyaya.
Kunnena na hagu ya yi murabus tun bara,
na dama ne ya fara jiyo su,
can nesa, kamar ana jan guga da tsohuwar ƙarfuna.
Sai ga su.
Gauraki masu launin toka, sahu bisa sahu,
kamar zaren da ya kuɓuce wa masaƙi,
manya na guɗa, 'ya'yan bana na fito a tsakiya,
ƙafafu a sake, suna neman ruwan da ya rage,
sama ta cika har tana ambaliya, suna ta zuwa.

Etelka na motsa leɓe, goma-goma.
Lőrinc na zana kara a takarda.
Ni a ɗari bakwai lissafi ya kwance mini,
hawa na biyar ya shigo tsakani.
Ta ce dubu uku. Ya ce huɗu, ya rantse.
Duhu kuwa ba ya jiran a gama gardama, yana saukowa.

Na ciro waya na kira Ottó,
ban yi magana ba, na ɗaga ta sama
har kafaɗata ta fara tsami.
Da na mai da ita kunne, shiru,
sai numfashi, sai ƙarar cokali a kofi.
Can ya ce, "Kun ɓata ƙirgen, ko?
Ku rubuta dubu uku da ɗari shida.
Ku gaya wa Lőrinc, ban da leda."

Haka muka rubuta, da fensir, da hasken tocila.
A gurbin sunayen waɗanda suka halarta
Etelka ta sa huɗu.
Muka kama hanyar gida, su kuma ba su daina kiran juna ba
a cikin ruwan da bai kai musu gwiwa.