Dare na Huɗu a Asibitin Castro

Shekara hamsin da ɗaya, Eleuterio,
faɗana da kai bai wuce abu guda ba:
ka cika ciki da dankali da bandar kifi,
ka juya mini baya, ka saki iska,
in tashi in buɗe taga cikin sanyin Chiloé
ina yi wa tumbinka Allah wadai.

Yau ga ni a kan kujerar roba,
na kasa kunne kamar mai jiran jirgin fito.
Abin nan dai nake roƙo.

Daga saman kwalekwalen da kake sassaƙa ka zamo,
ƙashin ƙugu ya dare kamar busasshen katako.
Suka ɗaure shi da ƙarfe da ƙusoshi,
ka farka kana cewa aikinsu bai kai naka ba.
Daren farko ka ciji bargo saboda zogi,
Yasna ta zo da allurar mofin,
goshinka ya saki,
na riƙe hannunta ina godiya har da ƙwalla.

Wa ya gaya mini cewa abin da ya lallashi ciwo
zai bi ta hanji ya ce masa, kai ma kwanta?

Kwana biyu, shiru.
Na uku, ciki ya tashi ya ɗaure tamau kamar ganga.
Romon da na shigo da shi a ɓoye cikin jaka
ya dawo kore shar a tasa.
Suka zura maka roba ta hanci.
Likita Oyarzún ya ɗora abin saurarensa
dama, hagu, ƙarƙashin cibiya,
ya daɗe,
ya ce tekun nan ba ko igiya.

"Hanjin tsoho, in ya yi barci, nauyi gare shi.
Za mu rage allurar. Zai ji jiki."
Ka dubi rufi. Ka ce a rage.

Suka ba ka cingam, kai da haƙoran aro.
Suka tashe ka tsaye, ka dafa ƙarfe mai ƙafa huɗu,
taku tara zuwa ƙofa, gumi na ɗiga daga haɓarka,
kana zagin kowa ƙasa-ƙasa,
har da ni, har da wanda ya sayar maka da tsani.

Ruwa na dukan kwano tun magariba.
Ƙarfe huɗu saura kwata,
ina tsakanin gyangyaɗi da addu'a,
sai na ji ta:
siririya, doguwa, mai jan ƙafa,
kamar tsohuwar ƙofar rumbunmu.

Yasna ta duba agogo ta rubuta a takarda,
kamar an yi haihuwa.
Ka buɗe ido ɗaya ka ce,
"Herminda, taga."

Ban tashi ba.
Na ja maka bargo.
Bar ta a rufe.