Mai Gadin Gidan Caca

A Osu nake kwana, a tsaye,
ƙarƙashin dabinon roba.
An zana raƙumi da rairayi a bango,
wai haka birnin caca yake a can hamada.
Kakana da ya taka hamadar da ƙafa
ƙishirwa kawai ya ba mu labari.

Ciki babu agogo, babu taga.
Alhaji Ɗantani ya shiga yana kaɗa makullin mota,
ya fito yana tambayata a hankali
inda ake hawa motar Nima.

Asuba. Teku na tari a bayan gari.
Sidi ashirin aka miƙo min na goro.
Na sha kokon Lantana, har da ƙosai uku.
Duk daren nan
ni kaɗai na ci.